Haƙar Ma'adinai a Can Ƙarƙashin Ƙasa: Darasi Daga Mponeng



An nemi in ɗan yi tsokaci a kan yadda ake nutsawa cikin ƙasa neman ma'adinai. Zan ba da misali da mahaƙar zinariya ta Mponeng da ke kusa da Carletonville a Afirka ta Kudu, wadda zurfinta ya kai kusan kilomita 4. Kamfanin Harmony ya saye ta a 2020.

Idan zinariyar da ke sama ta ƙare, ba a afka wa ƙasa da ka. Da farko akan tsaya a hanyoyin da aka riga aka haƙa, a huda dutse da na'ura, a zaro shi kamar sanda. Daga nan masana su auna giram nawa na zinariya ke cikin kowane tan. Sai lissafi ya nuna riba za a soma sabon rami, kuma aikin kan ci shekaru kafin a ga ko ƙwaya ɗaya.

Zurfi kuwa yana da nasa masifu. Zafin dutse a ƙasan Mponeng yakan kai digiri 60, don haka ake tura ƙanƙara daga sama domin sanyaya iskar da ma'aikata ke shaƙa. Nauyin ƙasar da ke bisa yakan sa dutse ya fashe ba zato, shi ya sa ake tokare rufin, a kafe shi da ƙarafa da raga, a kuma dasa na'urorin sauraron motsin ƙasa. Ruwa ma dole a riƙa zuƙe shi dare da rana.

To jama'a, mu waiwayo gida. A watan Yunin 2024, bayan ruwan sama mai ƙarfi, rami ya rufta da mahaƙa a Galadima Kogo cikin Shiroro, Jihar Neja. Samarinmu da yawa na shiga ramuka da diga da tocila kawai, babu awo, babu tokari. Rigakafi dai ya fi magani.

Saboda haka nake roƙon malamanmu su kwaɗaita wa ɗalibai karatun ilmin duwatsu, wanda ake koyarwa a jami'o'in Zariya da Jos. Mu kuma ƙungiya mu ɗauki nauyin ko da yaro ɗaya ne kowace shekara.

Allah Ya sa mu dace.