Makaho da Makullin Wayarsa: Inda Manhajar Karanta Allo Takan Gaza



Mai ido yakan buɗe wayarsa sau da dama a yini bai ma san ya yi wani aiki ba. Ga makaho kuwa, wannan ɗan taƙin lokaci shi ne mafi tsanani a duk mu'amalarsa da waya, kuma a kansa laccar yau za ta tsaya.

Da farko ya kamata a san yadda makaho ke sarrafa gilashin da ba shi da maɓalli. Akwai manhaja mai karanta abin da ke kan allo da murya. Kamfanin Apple ya sa tasa, watau VoiceOver, cikin iPhone 3GS a 2009, kuma a wannan shekara Google ya fito da TalkBack domin wayoyin Android, dangin su Tecno da Samsung. Idan manhajar tana aiki, taɓa abu sau ɗaya ba ya buɗe shi, sunansa kawai za ta faɗa. Sai an ƙwanƙwasa sau biyu sa'an nan ya buɗe.

To, muryar da ke yi masa jagora ita ce kuma ke iya tona asirinsa. In ta riƙa faɗin lambar sirri ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ke zaune kusa da shi a mota ko a ofis ya ji. Domin gudun haka, an daɗe a Android murya ba ta faɗin lambar sai an maƙala abin ji a kunne, sai dai ta ce ɗigo, ɗigo. Asiri ya rufu ke nan, amma mai waya bai san ko 5 yatsansa ke kai ko 8 ba. Kuskure kuwa yana da tsada: iPhone takan ƙi karɓar lamba na ɗan lokaci in an yi ta kuskure, lokacin yana ƙaruwa, har ma akwai zaɓin ta goge duk abin da ke cikinta bayan kuskure na 10.

Babbar matsala ita ce ta bayan an kashe waya an kunna. A nan ba a karɓar yatsa ko fuska, lalle sai lamba, alhali kuwa bayanan waya suna kulle, ciki har da wasu da murya ke bukata kafin ta yi magana. Mabuɗi ya zama yana cikin ɗakin da aka kulle. A Android 5.0 ta 2014, hanyar da aka bi ita ce a daina ɗaure kullen bayanai da lambar mai waya da zarar ya kunna manhajar karatu. Watau an ba shi hanyar shiga, an rage masa tsaro, ciniki ne da ba a taɓa tilasta wa mai ido ba. Sai a Android 7.0 ta 2016 aka raba ma'ajiyar gida biyu, yadda TalkBack za ta iya tashi tun kafin a sa lamba. Duk da haka, wanda ya zaɓi murya ta wani kamfani dabam wadda ba a gina ta bisa wannan tsari ba, yana iya kunna wayarsa ya ji tsit.

Na'urar gane yatsa, wadda ta zo da iPhone 5s a 2013, ta kawo sauƙi ƙwarai, domin tana kan maɓallin da ake lalubawa a ji. Da aka mai da ita ƙarƙashin gilashi a wayoyi da yawa, sai wurin ya zama sumul, ba alamar da yatsa zai kama. Na'urar gane fuska ta iPhone X ta 2017 kuwa tana bukatar a buɗe ido a dubi waya. Wanda ya kunna VoiceOver tun wajen saita wayarsa akan ɗage masa wannan sharaɗi, amma sharaɗin shi ne ke hana wani ya kara wa mutum waya a fuska yana barci ya buɗe ta.

In duk ta ƙi, sai neman taimakon mai ido, a faɗa masa lambar wayar da ke ɗauke da asusun banki da wasiƙun ofis. Shi ma mai taimakon sau da yawa yakan ruɗe, ya taɓa lamba sau ɗaya ya ga ba ta shiga ba, ya ce waya ta lalace. Abin da bai sani ba shi ne, in an riga an saita gajeriyar hanya, danne maɓallan sauti biyu na daƙiƙa 3 yana kashe TalkBack ko ya kunna ta, a iPhone kuma danna maɓallin gefe sau 3 ke yin wannan aiki.