Tabarma, Ido da Sararin Sama: Buƙatar Ƙungiyoyin Masu Kallon Taurari a Ƙasar Hausa



Gabatarwa

Da an ce "ilimin taurari", hankalin mutanenmu sai ya tafi ga duba da bugun ƙasa. Ba wannan nake nufi ba. Maganata a kan falaki ce: mutum ya ɗaga kai da dare, ya san abin da yake kallo, ya rubuta abin da ya gani. Abin da nake son kafa hujja a kai shi ne, ba rashin kayan aiki ne ya hana mu ƙungiyoyin masu wannan sha'awa ba, rashin haɗuwa ne.

Gadon da muke da shi

Bahaushe ba baƙon sama ba ne. Ya san Kaza da 'Ya'yanta, ya san Gamzaki mai fitowa da asuba, ya san Zara matar wata, manomi kuma yana lissafin damina da taurari. Sai dai mutum nawa ne a cikinmu suka san Gamzaki da Zara abu ɗaya ne? Duniyar Zuhura ce, wani lokaci ta riga rana fitowa, wani lokaci ta biyo bayanta a faɗuwa.

A tsakar gida kakata ta nuna mini Kaza, na ƙirga 'ya'ya shida. Bayan shekaru na ari madubin hangen nesa mai ido biyu, na ɗora wa ɗan maƙwabcina a fuska, na ce ya ƙirga. Ya kai ashirin ya rikice, sai ya ce, "Baba, ai kazar ta sake ƙyanƙyasa!" Da na gaya masa hasken da ke shiga idonsa ya baro can fiye da shekara 400, sai ya yi tsit. Gani ya kori ji.

Abin da masu sha'awa suka yi a wasu ƙasashe

Makaɗi ne William Herschel lokacin da ya gano duniyar Uranus a 1781, daga bayan gidansa a garin Bath na Ingila, da madubin da ya ƙera da hannunsa. Thomas Bopp kuwa ko madubi bai mallaka ba: da na abokinsa ya hango tauraruwa mai wutsiyar nan ta Hale-Bopp a 1995, suna zaman kallo a dajin Arizona. A 2009 wani ɗan Ostireliya, Anthony Wesley, ya riga manyan cibiyoyi ganin tabon da wani abu ya yi wa duniyar Mushtari. A Amurka akwai ƙungiyar AAVSO, wadda tun 1911 take tattara bayanan masu sha'awa kan taurarin da haskensu ke ƙaruwa yana raguwa, masana suna aiki da su. Sirrin duka ɗaya ne: naci da rubutawa.

Amfanin da za mu samu

Na farko, ganin wata. Kowace shekara muna sauraron sanarwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi, kuma sanarwar tana tsayawa ne kan shaidar masu gani. Ƙungiyar da ke fita duban jinjirin wata sau goma sha biyu a shekara za ta horar da idanun da suka san inda za su duba, suka san watan da bai kai awa goma sha biyar da haihuwa ba ido ba ya kama shi.

Na biyu, husufi. Ranar 29 ga Maris 2006 rana ta rufe ruf a Gusau da Katsina da Maraɗi. Ranar 2 ga Agusta 2027 za ta rufe a Makka, mu kuma mu ga wani sashe. Wa zai shiga makarantu ya gargaɗi yara cewa kallon rana ba tare da gilashin musamman ba yana ƙone ido?

Na uku, sunayen taurari suna bin tsofaffinmu kushewa, babu mai rubutawa.

Yadda za a fara

Kano tana kusan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, don haka muna ganin taurarin arewa da mafi yawan na kudu, abin da mutumin Landan ba ya samu. Matsalarmu hazon hunturu ne da gajimaren damina. Lokacin kaka ya fi dacewa, a daren da babu farin wata. A nemi filin makaranta a bayan gari, da izinin mai unguwa da sanin jami'an tsaro. A kashe tocila da waya minti ashirin, ido ya saba da duhu. A zo da tabarma, da littafin rubutu, da madubi ko ɗaya ne. A ware wa mata da 'yan mata nasu zaman.

Kammalawa

Shawarata ga malaman kimiyya da na Islamiyya ita ce su haɗu su kira zaman farko, su gayyato dattijon manomi guda. Shi ya faɗi sunan tauraro, malami ya faɗi nisansa, ɗalibi ya rubuta duka biyun.