Na'urar Numfashin Barci a Kan Tudu da Cikin Hunturu



Akwai wata cuta wadda mai ita ba ya saninta, sai dai wanda suke kwana ɗaki guda. Idan barci ya yi nauyi, naman maƙogwaro da tushen harshe sukan saki, su toshe hanyar iska. Sai a ji minshari ya yanke, numfashi ya tsaya na daƙiƙa goma ko fiye, sa'an nan mutum ya zabura ya ja iska. Wani yakan yi haka sau talatin a sa'a guda, ya wayi gari da ciwon kai, yana gyangyaɗi a ofis ko a kan sitiyari, hawan jini kuma na biye da shi. A 1981 ne Colin Sullivan na Jami'ar Sidni a Ostareliya ya bayyana maganin da ake amfani da shi har yau, watau na'urar CPAP. Farfela ce ƙarama mai tura iska ta cikin tiyo zuwa takunkumin da ke hanci, ƙarfin iskar ya riƙe maƙogwaro a buɗe. Ana auna ƙarfin da santimita na ruwa, galibi daga 4 zuwa 20, likita kuwa shi ke yanke wa kowa lambarsa bayan gwajin barci.

To, lambar nan ba a ko'ina take cika ba. Gwargwadon hawan mutum tudu, gwargwadon raguwar kaurin iska, farfela kuwa abin da ta samu shi take turawa. A tsayin mita 1,500 kaurin iska ya ragu da wajen kashi 14 cikin ɗari. Saboda haka tsohuwar na'ura da aka saita a kan 10 a Ikko, idan aka kai ta tsaunin Mambila ba a gaya mata ba, abin da za ta bayar bai wuce 8 da rabi ba, alhali fuskarta na nuna 10. Irin waɗannan suna da wurin zaɓen tsayin ƙasa, mataki uku ko makamancin haka, kuma shi ne matafiyi zai taɓa, ya mayar da shi idan ya sauko. Na'urorin yanzu suna auna abin da kansu su ƙara gudun farfela, amma su ma da iyakarsu, wadda kan tsaya tsakanin mita 2,300 da 2,600. Jos, mai wajen mita 1,200, ba ta dame su ba. Addis Ababa, mai mita 2,355, tana bakin iyaka. La Paz ta Bolibiya, mai mita 3,600, ta wuce abin da masu ƙira suka yi alkawari.

Abin da ya fi wannan wuya yana jikin mutum ne. A kan tudu oksijin ya yi ƙaranci, sai mai barci ya riƙa numfashi da sauri, ya fitar da iskar kabon fiye da kima. Ita ce kuwa ke tuna wa ƙwaƙwalwa ta ba da umurnin numfashi, don haka sai umurnin ya yanke na ɗan lokaci ko da maƙogwaro a buɗe yake. Nan ne mutane ke kuskure: su ga na'ura ta ƙirga yankewar numfashi da yawa, su ƙara lamba da kansu. Ƙarin ƙarfi ba ya tashin ƙwaƙwalwar da ta yi shiru, yana ma iya tsananta abin. Wani bincike da likitocin Zurik suka buga a 2012 ya nuna cewa haɗa na'ura da maganin asetazolamaid ya rage wannan matsala a mita 1,630 da 2,590. Wannan kuwa shawarar likita ce, a nema tun kafin a ɗaure kaya.

Danshi shi ne aka bar wa mai na'ura ya daidaita. Iskar da ke bi ta hanci dare guda tana busar da shi, balle a hunturun Kano ko Damagaram, inda danshin iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Hanci ya toshe ko ya yi haɓo, mutum ya buɗe baki, iska ta tsere ta nan, bushewa ta ƙaru, ƙarshe a jefa na'ura ƙarƙashin gado. Domin haka aka haɗa mata ɗan tankin ruwa mai ɗumi. A ƙara zafinsa mataki ɗaya, a jira kwana biyu a gani. Idan aka zarce a ɗaki mai sanyi, tururin zai zama raɓa cikin tiyo, ya yi ta gurguri, har ya zubo wa mai barci a fuska. Sai a rage mataki, ko a naɗe tiyon da ƙyalle, a kuma ajiye na'urar ƙasa da kan mai barci. Da damina kuwa sau da yawa mataki na ƙasa ya isa.

Ruwan da ya dace shi ne wanda aka tace ta hanyar tururi, domin na rijiya yana barin farin gishiri a tanki. A saye shi a kantin magani, kada a karɓi na masu cajin batir, gudun a ci karo da mai asid. A zubar da ragowar kowace safiya. Matatar ƙura kuma, wadda kan kai wata guda ko fiye a ƙasashen da aka ƙera na'urar, a hunturu a duba ta kowane mako.