Ɗalibi Mai Husuma a Cikin Aji: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Shekara



An nemi in yi magana a kan yaron da ke dukan 'yan ajinsu, ya zagi malami, wani lokaci har ya ɗaga masa hannu. Na san amsar da ke bakin yawancinmu: a zane shi. Mu da muka shiga makaranta zamanin UPE a 1976, da bulala aka rene mu. Sai dai yaron da ya saba shan duka a gida, bulalar malami ba ta gaya masa sabon abu. Idan kuwa a gaban 'yan'uwansa aka tozarta shi, ramuwa zai nema, kuma a kan ƙaramin da ke kusa da shi zai huce.

Gogaggen malami, in faɗa ya kaure, yakan fara raba su ne. Ya kira yaron da sunansa, ya sassauta murya, kada ya tsare masa ƙofa, ya fitar da shi har zuciyarsa ta sauka. Hukunci sai bayan an tashi, ba a gaban aji ba, kuma ya kasance irin wanda aka sanar tun farkon zango, ɗan talaka da ɗan mai unguwa duk ɗaya. Daga nan sai a binciki dalili, domin ruwa ba ya tsami banza. Wani bai karya kumallo ba. Wani ya kai aji shida bai iya karatu ba, yana ɓoye kunyarsa da rashin kunya. Wani kuma ya fara shaye-shaye. Hana maganin tari mai kodin da Gwamnatin Tarayya ta yi a 2018 bai kawar da sholisho daga garuruwanmu ba.

Tsarin Ilimi na Ƙasa na 2004 ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Ina roƙon kowannenmu, kafin ya koma birni, ya leƙa makarantar da ya yi, ya ƙirga kawuna. Malamin da ke fama da ninkin wannan adadi ba zai san sunan kowa ba, balle abin da ke damunsa.

Saboda haka ina ba kwamitin ilimi shawarar ya ware wani kaso na gudummawar bana don ɗaukar malaman sa-kai, sannan ya zauna da ƙungiyar iyaye da malamai a kowane zango, a riƙa gayyato uban yaro tun kafin maganar ta kai ga kora.