Godiyar Ni'imar Iyali da Haƙƙin Makarantun Firamare a Kanmu

(Matanin laccar da aka gabatar ga 'yan'uwa na Dutsin-Ma da Kurfi bayan Babbar Sallah)

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicce mu, Ya azurta mu da mata da 'ya'ya, Ya shiryar da mu zuwa ga Musulunci. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.



Maudu'in da za mu tattauna a kansa shi ne godiya ga Allah a kan ni'imar iyali, da abin da wannan godiya take wajabta mana game da makarantun firamare da 'ya'yanmu suke karatu a cikinsu. Wani zai ga kamar batutuwa biyu ne daban. In Allah Ya yarda za mu bayyana cewa na biyun reshe ne na na farkon.

NI'IMAR DA MUKE CIKI

Kwanakin nan da suka wuce Allah Ya nuna mana Sallah lafiya. Wanda yake Kano ko Kaduna ko Legas ya dawo gida, an yi layya, an yi zumunci, kakanni sun ga jikokinsu, yara sun sa sababbin tufafi sun zaga dangi. Allah (S.W.T.) Ya lissafa wannan a cikin ni'imominSa a Suratun Nahli, aya ta 72, inda Ya ambaci matan aure da 'ya'ya da jikoki da abinci mai daɗi, sa'an nan Ya zargi masu butulce wa ni'imarSa. Haka kuma Tirmizi ya ruwaito hadisi mai nuna cewa mutumin da ya wayi gari cikin aminci a gidansa, da lafiyar jiki, da abincin yini, kamar an tattara masa duniya ne baki ɗaya.

Mu mutanen wannan yanki ba ma bukatar a yi mana dogon sharhin wannan hadisi. Mun san abin da ya faru a Ƙanƙara ranar 11 ga Disamba, 2020, lokacin da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya. Mun san gidajen da suka yi Sallah a gudun hijira, da iyayen da suka sayar da gona don fansar ɗa. Saboda haka duk magidancin da ya zauna a tabarma da iyalinsa, ya ƙirga 'ya'yansa ya same su cif, to, akwai bashin godiya mai nauyi a wuyansa.

MECE CE GODIYA A SHARI'A?

Malamai sun bayyana cewa godiya tana da rukunai uku. Na farko, zuciya ta yarda cewa ni'imar daga Allah take. Na biyu, harshe ya furta yabo. Na uku, gaɓoɓi su yi aiki da ni'imar ta hanyar da Mai ni'imar Ya yarda. Ibnul Ƙayyim ya faɗaɗa wannan bayani a cikin Madarijus Salikin. A Suratu Saba'i, aya ta 13, da Allah Ya bukaci godiya daga iyalan Annabi Dawuda (A.S.), aiki Ya umarce su da shi, kuma Ya bayyana cewa masu godiya kaɗan ne a cikin bayinSa. A Suratu Ibrahim, aya ta 7, Ya yi alkawarin ƙari ga mai godiya, da azaba mai tsanani ga mai butulci.

To, idan godiyar dukiya ita ce zakka da sadaka, godiyar lafiya kuma ibada da taimakon raunana, mece ce godiyar ni'imar 'ya'ya? Ita ce tarbiyyarsu da ilmantar da su. Allah Ya umarce mu a Suratut Tahrim, aya ta 6, da mu tsare kanmu da iyalanmu daga wuta, kuma magabata sun fassara wannan da koyar da su da ladabtar da su. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa kowannenmu makiyayi ne, kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Makiyayin da ya san dabbobinsa bai san inda suke yini ba, ai bai cika makiyayi ba.

INA 'YA'YANMU SUKE YINI?

Ya 'yan'uwa, mu tambayi kanmu tsakaninmu da Allah. Yaron nan da muka ɗinka wa shadda da Sallah, a kan me yake zama a aji? Mu nawa ne a nan muka taɓa taka ƙafa zuwa makarantar firamaren unguwarmu, ba don an kira mu kan laifin yaro ba? Wanda ya zaga ƙauyukanmu zai ga ajin da iskar farkon damina ta yaye kwanonsa, aka shekara ba a mayar ba. Zai ga yara zaune a ƙasa suna rubutu a kan gwiwa, allo ya koɗe, tagogi babu marufi, hunturu yana kaɗa su. Zai ga makarantar da ba ta da ruwan sha, ba ta da makewayi, ba ta da katanga, awaki suna kwana a ajin da za a karanta sunan Allah da safe. Rashin makewayi kaɗai ya isa ya sa yarinyar da ta fara girma ta daina zuwa, kuma uban da ya san darajar kunya ba zai iya tilasta mata ba.

A ɗaya ɓangaren kuma, mu dubi abin da ake kashewa a bikin suna da na aure. Sunna a haihuwa sananniya ce: raɗa suna mai kyau, yanka, da aske kan jariri. Amma sai a ƙara da anko da makaɗa da gasar kayan barka, har a ci bashi. Kuɗin da ake ɓatarwa a yini ɗaya don murnar zuwan yaro zai iya saya wa ajinsu benci idan ya kai shekara shida. Mun daɗe muna wa'azi a kan bidi'a da almubazzaranci, kuma alhamdu lillahi an samu sauƙi a gidaje da yawa. Abin da ya rage shi ne mu nuna wa jama'a inda ya kamata abin da aka tsimin ya tafi.

SHUBUHOHI GUDA BIYU

Shubuha ta farko ita ce masu cewa: "Wannan aikin gwamnati ne." Gaskiya ne haƙƙi ne a kan hukuma. An ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta na UPE a 1976. An sake ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato a 1999, aka yi masa doka a 2004. Dokar ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar asusun gwamnatin tarayya don ilimin matakin farko, da sharaɗin jiha ta ajiye nata kason kafin ta karɓi tallafin gine-gine. A jiha akwai hukumar SUBEB, a kowace ƙaramar hukuma akwai Sakataren Ilimi, a kowace makaranta kuma an tanadi kwamitin al'umma da ake kira SBMC, wanda ya ƙunshi iyaye da masu unguwanni da malaman addini da mata. Duk wannan haƙƙinmu ne, kuma neman sa ta hanyar da ta dace yana cikin nasiha ga shugabanni, wadda Manzon Allah (S.A.W.) ya sanya ta cikin addini. Amma sakacin wani ba ya sauke nauyin da ke kan uba. Shekarun firamare shida ne kacal. Yaron da aka bari yana jiran kwangila zai gama aji shida bai iya karanta wasiƙa ba, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Shubuha ta biyu ita ce masu cewa: "Mu Islamiyya muka sani, firamare ta boko ce." Muna tunatar da su cewa yaron da yake zuwa Islamiyya da yamma shi ne yake zuwa firamare da safe, kuma a garuruwa da yawa aji ɗaya ne ake amfani da shi safe da yamma. Malaman tarihi sun kawo cewa bayan yaƙin Badar, a shekara ta 2 bayan Hijira, fursunonin da ba su da kuɗin fansa an sa kowannensu ya koya wa yaran Madina goma rubutu. Waɗannan malamai mushirikai ne a lokacin, amma hakan bai hana a karɓi ilimi mai amfani daga gare su ba. Manzon Allah (S.A.W.) ya umarci Zaidu ɗan Sabit (R.A.) ya koyi rubutun Yahudawa don ya riƙa karanta masa wasiƙunsu. Malamai sun sanya likitanci da lissafi cikin farillan kifaya, waɗanda idan al'umma ta rasa mai yin su kowa ya yi laifi. Muna kukan cewa maza ne suke duba matanmu a asibiti. To, likita mace da unguwarzoma daga ina za su fito, in ba daga aji ɗaya na firamare ba? Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kakkausan zargi a cikin Nurul Albab ga malaman da suke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Marigayi Shaikh Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya rasu a 1992, ya ƙare rayuwarsa yana kiran Musulmi su haɗa ilimin addini da na zamani.

Kuma ƙasar Katsina ba baƙuwar ilimi ba ce. Hasumiyar Gobarau tana tsaye, sunayen Wali ɗan Marina da Wali ɗan Masani ba su ɓace ba. A Katsina aka kafa Kwalejin Horon Malamai a 1921, wadda ta yaye shugabannin Arewa na farko. A nan Dutsin-Ma muna da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, mai ɗauke da sunan Ministan Ilimi na tsohuwar Jihar Arewa, ga kuma Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011. Ɗalibai suna zuwa daga jihohi masu nisa su yi digiri a garinmu. Abin kunya ne a ce jami'a tana bayan gidanmu, amma ɗan Karofi ko Makera ko Birchi ko Wurma ya kasa shiga, saboda tushensa bai ginu ba. Ba a fara gini daga rufi.

ABIN DA MUKE KIRA A YI

Na ɗaya: kowane reshe na wannan ƙungiya a Dutsin-Ma da Kurfi ya naɗa mutum uku su ziyarci makarantun firamaren yankinsu, da izinin hedimasta. Su rubuta adadin azuzuwa, da masu rufi da marasa rufi, da yawan yara da bencina, da halin ruwa da makewayi. Magana da hujja a rubuce ta fi ƙorafi a majalisa.

Na biyu: 'yan'uwa su shiga kwamitin SBMC da ƙungiyar iyaye da malamai, su halarci zama. A kai rahoton ga Sakataren Ilimi, da kansila, da ɗan majalisa, a sanar da iyayen ƙasa, wato fadar Yandakan Katsina a Dutsin-Ma da ta Maradin Katsina a Kurfi. A yi haka da ladabi, ba tare da zagi ko shigar da siyasar jam'iyya ba, kuma a riƙa bibiya.

Na uku: abin da bai fi ƙarfinmu ba mu yi shi da kanmu. Iyayenmu da gayya suka yi noma, da gayya suka gina masallatai. A cikinmu akwai magina da kafintoci da masu walda. Idan gida 200 kowanne ya ba da tiya ɗaya ta masara da kaka, an tara buhu 5, kuma babu gidan da zai ji a jikinsa. Mun ga abin da fatun layya suka gina na masallatai da makarantu da asibitoci, alhali a da yawancinsu lalacewa suke yi. A fara da mafi muhimmanci: rufi, sa'an nan makewayi na mata daban da na maza, sa'an nan ruwa, sa'an nan wurin zama.

Na huɗu: a kiyaye hukuncin Shari'a wajen tara kuɗin. Jamhurin malamai suna ganin ba a yin gini da zakka, domin Allah Ya iyakance masu cin ta gida takwas a Suratut Tauba, aya ta 60. Ƙofar da take buɗe ita ce sadaka da waƙafi. Sayyidina Usman (R.A.) ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa Musulmi, Sayyidina Umar (R.A.) ya yi waƙafin gonarsa ta Haibara. Mai hali da ya haƙa rijiyar burtsatse a makaranta ya bi sawunsu. Muslim ya ruwaito cewa ayyuka uku ne ladansu ba ya yankewa bayan mutuwa: sadaka mai gudana, ilimi mai amfani, da ɗa nagari mai addu'a. Wanda ya gyara aji yana da rabo a duka ukun, in Allah Ya karɓa.

Na biyar: amana. Duk abin da aka tara a rubuta shi, a karanta lissafinsa a gaban jama'a bayan sallar Juma'a. Aikin gayya da yawa ya mutu ne a ranar da aka fara zargin ma'aji.

Na shida: mu girmama malaman firamare. Gini ba ya koyarwa. Malamin da ya ga iyaye suna leƙowa, suna gaishe shi, suna tambayar karatun ɗansu, zai ƙara himma, wanda kuma yake fashi zai ji kunya. Iyaye mata su ma suna da babban rabo: a sallami yaro da wuri, da abin karin kumallo, kuma kada talla ta cinye lokacin karatun yarinya.

KAMMALAWA

Ya ku 'yan'uwa, ni'ima tana dawwama da godiya, tana gushewa da butulci. Yaran da muka bari babu ilimi babu tarbiyya, su ne ɓata-gari suke samu da araha, kuma mun ɗanɗana sakamakon haka a wannan yanki. Muna roƙon kowane reshe ya kawo rahoton makarantunsa a zama mai zuwa, domin mu san inda za a fara kafin wata daminar.

Allah Ya sanya mu cikin bayinSa masu godiya. Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya sanya su sanyin idanunmu, Ya ba su ilimi mai amfani. Allah Ya mayar da waɗanda suke gudun hijira gidajensu, Ya zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya, Ya yi wa shugabanninmu jagora zuwa ga adalci. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, Shi muke roƙo Ya ba mu ikon aiki da shi.