Jawabi Kan Tsohuwar Bindiga Mai Ƙanƙara Da Darajarta



Jawabin wannan wata a kan tsohuwar bindiga ne, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Kowa a karkara ya san bindigar toka. Mafarauta na riƙe ta, 'yan bindigar sarki kuma na buga ta ranar hawan salla. To, a ƙasar Amurka akwai wata 'yar'uwarta mai dogon baki, wadda yanzu masu tara kayan tarihi ke saye da kuɗi masu yawa.

An fara ƙera ta bayan shekarar 1700, a yankin Lancaster na jihar Pensilbaniya. Maƙeran da suka fara ta baƙi ne daga Jamus da Suwizalan. Sun tarar da daji mai yawa, ga dalma da albarushi da tsada. Sai suka tsawaita bakin bindigar ya wuce ƙafa 3, suka rage girman harsashi, don mafarauci ya sami nama da kaya kaɗan.

Aikin duk na hannu ne. Maƙeri zai sa sandar ƙarfe mai faɗi a wuta, yaro na zuga. In ta yi ja sai ya naɗe ta a jikin wani siririn ƙarfe, yana duka kaɗan-kaɗan har ta haɗe ta zama bututu. Daga nan sai a huda cikin ya yi sumul. Sa'an nan a zo ga aikin da ya fi wuya, wato yanka layuka masu murɗewa a cikin bututun. Waɗannan layuka su ke sa harsashi ya fita yana juyawa kamar mazari. Duk macen da ta taɓa kaɗi ta san mazari ba ya karkata muddin yana juyi. Shi ya sa gwanin harbi kan sami abin da ya auna daga yadi 200, alhali bindiga mai sumul ɗin ciki, irin ta toka, ba ta da tabbas ko a rabin wannan nisa.

Wutar kuwa daga dutsen ƙanƙara take fitowa, kamar dai ƙyastu. In an ja kunama, dutsen ya bugi ƙarfe, tartsatsi ya faɗa kan albarushi. Bayan aikin ƙarfe kuma sai sassaƙa. Ana sassaƙa gindin da itace mai ƙwari, a yi masa zane, a manna masa tagulla ko azurfa. Mutum ɗaya ne maƙeri, shi ne masassaƙi, shi ne mai ado. Wasu sukan rubuta sunansu a kan bakin bindigar, kamar Jacob Dickert na Lancaster, wanda ya rasu a 1822.

Wannan rubutun suna ba ƙaramin abu ba ne. Mai saye yakan fara duba ko an san wanda ya ƙera ta, da wanda ya riƙe ta. Sai ya duba ko an taɓa canza mata wani abu. Wajen 1830 aka koma amfani da 'yar hular tagulla mai tashi da kanta maimakon ƙanƙara, mutane da yawa suka kai bindigoginsu aka sauya. Saboda haka wadda ta tsira da ƙanƙararta ta asali ba ta da yawa, kuma ta fi tsada.

Ga misali. Wani maƙeri mai suna Christian Oerter ya ƙera wata bindiga a 1775. A 1971 aka sace ta daga gidan kayan tarihi na Valley Forge. Ba a sake jin ɗuriyarta ba sai 2018, aka mayar wa masu ita a 2019. An ƙiyasta kuɗinta ya wuce dala 175,000.

Kada wani ya ji wannan ya ɗauka bindigar toka da ke rataye a zaurensu za ta kai haka. Ba za ta kai ba. Yawancin na ƙasar nan ko dai 'yan kasuwar Turai ne suka kawo su da araha ta bakin teku, ko maƙeran gida ne suka ƙera. Amma wadda aka san tarihinta, ta kakan wane ce, ta je yaƙi kaza, tana da daraja, kuma dillalai sun fi mai ita sanin haka.

Mai irin wannan bindiga kada ya goge ta da yashi ko magagari don ta yi ƙyalli. Baƙin da shekaru suka sa mata shi ne shaidar tsufanta, in an kankare shi an rage mata kuɗi. Ya shafa mata ɗan mai, ya ajiye inda ba laima ba gara. Kada ya gwada harba ta, don tsohon ƙarfe kan fashe a hannu, kuma wata an ɗura ta tun tuni an manta. Tun da ga karatu ya samu, ya tambayi dattawan gidan labarinta, ya rubuta a takarda ya ajiye tare da ita.

A Nijeriya dokar kayan tarihi ta 1979 ta hana fitar da irin waɗannan kaya waje ba tare da izini ba, riƙe bindigar toka kuma yana bukatar lasisi daga 'yan sanda. Wanda dillali ya zo wa da tayi, ya fara sanar da mai gari, ko ya nemi shawarar ma'aikatan gidan kayan tarihi mafi kusa, kamar Gidan Makama a Kano.