Farautar Tsofaffin Lambobin Kira

Duk mai bin tarihin mutanen nan da ke harhaɗa rediyo a ɗaka don sha'awa, suna hira da ƙasashen duniya, sai ya buɗe tsohon kundin Callbook na Amurka. Layi-layi ne da ƙananan haruffa: lambar kira, suna, adireshi.

Amma fa a bi a hankali. Kafin 1928 lambobin Amurka ba su ɗauke da harafin ƙasa. Hiram Percy Maxim, jagoran kafa ARRL, ƙungiyar masu wannan sha'awa, a 1914, da 1AW aka san shi kafin lambar ta koma W1AW. Kuma lamba ba gado ba ce, mai ita na bari hukuma ta ba wani, don haka a fara duba shekarar bugu. Mai neman Najeriya a kundin zamanin Turawa kuwa, ZD2 zai nema, 5N sai bayan samun 'yanci.